Yadda Ma'aikaci Zai Yi Karatu Daga Nesa Ba Tare Da Ya Ajiye Aikinsa Ba

Tambaya iri biyu ce ma'aikata suke ta aikowa. Wasu na da NCE ko difiloma, aiki da iyali sun riƙe su, suna neman ta inda za su fara neman digiri. Wasu kuma sun riga sun gama, takarda na hannu, amma ofis ya ce bai san da zancen ba. Waɗannan na biyun kusan kullum abu ɗaya ne ya kayar da su: sun fara da sayen fom, alhali fom sai a mataki na huɗu yake zuwa. An ɗauki Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya, wato NOUN, a matsayin misali domin ita ce ke da cibiya a kowace jiha, amma yawancin matakan ɗaya ne a sauran makarantu.

1. Fara duba layin aikinka

Kafin ka zaɓi kwas, je sashen kula da ma'aikata ka nemi a nuna maka kundin tsarin aiki, wanda ya jera kowane layi da takardar da ake shiga da ita da matakin da yake tsayawa. A aikin gwamnatin tarayya, mai digiri yana shiga a matakin albashi na 08 a layin jami'ai, kuma layin yana iya kai shi har mataki na 17. Wanda yake layin zartarwa kuwa, inda galibin masu difiloma suke, mataki na 14 ne ƙarshen tafiyarsa. Jihohi da yawa suna bin wannan tsari da ɗan bambanci.

Abin da za ka tambaya ɗaya ne: wace takarda ce za ta ɗauke ni daga inda nake zuwa inda nake so? Ma'aikacin sashen kuɗi da ya je ya karanto kimiyyar siyasa ya ƙaru da ilimi, amma ba zai zama akanta da ita ba. Malamin firamare da ya yi digirin da ba na koyarwa ba, in ba shi da NCE, sai ya sake komawa ya yi PGDE, wato babbar difilomar koyarwa, kafin hukumar rajistar malamai, TRCN, ta yi masa rajista.

Wani lokaci ma ba digiri ne maganin ba. Akanta mai HND ya fi buƙatar takardar ƙungiyar ƙwararru irin ta ICAN ko ANAN, ma'aikacin banki CIBN, mai kula da ma'aikata CIPM. Galibinsu ana yi ana aiki, jarrabawa ce mataki-mataki. A kamfanoni masu zaman kansu irin waɗannan takardu sukan fi saurin taɓa albashi fiye da digiri na biyu.

2. Tantance makarantar da kwas ɗin

Makarantun da ma'aikatan Arewa suka fi zuwa su ne NOUN, da cibiyar karatu daga nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da ta Jami'ar Maiduguri, da ta Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola, sai Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, mai hedikwata a Kaduna, ga masu neman NCE da PGDE. Sojoji da 'yan sanda da wasu masu kayan sarki suna da cibiyoyin NOUN na musamman, su fara tambaya a can.

Ka tabbatar da abu biyu, ba ɗaya ba: an amince wa makarantar ta yi karatu daga nesa, sannan shi kansa kwas ɗin da kake so an tantance shi. NUC ce ke kula da jami'o'i, NBTE da kwalejojin fasaha, NCCE da kwalejojin ilimi.

Gargaɗi: duk wanda ya ce zai samo maka digiri daga ƙetare cikin wata shida ko shekara ɗaya ba tare da jarrabawar zaune ba, ka riƙe kuɗinka. A watan Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya yi basaja ya samo digiri a Kwatano cikin mako shida. Takardar bogi a fayil kuwa ba ƙin ƙarin girma kawai take jawowa ba, kora ce.

3. Nemi izini a rubuce

Nan ne yawancin mutane suke tuntuɓe, don haka a tsaya a kai.

Mutum yakan ce, ai karatun a gida nake yi, da kuɗina, ba na taɓa lokacin ofis, ina ruwan oga? Ruwansa zai bayyana ranar da ka kai takarda ka ce a ɗaga maka mataki. Abin da kwamiti zai fara nema a fayil shi ne takardar izinin karatu. In babu, ana iya cewa ka yi wa kanka ne, a ajiye takardar kawai. Izinin baki ba izini ba ne. Daraktan da ya ce maka "je ka yi, Allah ya taimaka" zai yi ritaya ko a canja masa wuri kafin ka kai aji uku.

Ga yadda ake yi. Rubuta takarda zuwa ga shugaban ma'aikatarka, ta hannun shugaban sashenka. Ka sa lambar fayil ɗinka, da matakin albashi, da ranar da aka ɗauke ka aiki, da ranar da aka tabbatar da kai. Ka faɗi sunan makaranta, da kwas, da shekarun da zai ɗauka, da cewa kai ne za ka biya, da cewa ba zai hana ka zuwa aiki ba sai ranakun jarrabawa. Jimla biyu sun isa a kan yadda kwas ɗin ya shafi aikin da kake yi yanzu. Wannan ne abin da mai sa hannu zai dogara da shi. Ka yi kwafi uku, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka.

Malamin firamare takardarsa ta hannun hedimasta take bi zuwa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, daga nan zuwa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB. Ma'aikacin ƙaramar hukuma kuma, gwargwadon matakinsa, tana iya kaiwa ga hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi. Ka tambayi wanda yake da ikon sa hannu na ƙarshe, kada ka tsaya a hannun wanda ba shi da shi.

Gargaɗi: sabon ma'aikaci yana shekara biyu na gwaji kafin a tabbatar da shi, kuma da wuya a ba wanda ba a tabbatar ba izinin karatu. In ka kai shekara biyu ba a ba ka takardar tabbatarwa ba, ita za ka fara bi.

Kada ka haɗa wannan izini da hutun karo ilimi. Hutun karo ilimi, da albashi ko ba albashi, na wanda zai bar kujerarsa ne, kuma wanda aka biya wa yakan sa hannu a yarjejeniyar dawowa ya yi aiki na wasu shekaru. Kai kana kan kujerarka, izini kawai kake nema, shi ya sa ya fi sauƙin samu.

Wasu ofisoshi ba sa duba takarda sai da shaidar samun gurbi a manne. In haka ne, ka kai takardar sanarwa tun kafin fom, sannan ka bi ta da cikakkiyar takarda da zarar gurbi ya fito, kafin ka biya kuɗin makaranta.

Ma'aikacin kamfani ya karanta littafin dokokin ma'aikata, ya aika wa sashen ma'aikata imel domin ya zama akwai shaida. Ya kuma tambaya ko kamfanin yana cikin masu zuba kashi ɗaya bisa ɗari na albashin ma'aikata a asusun horar da ma'aikata na ITF. Irin wannan kamfani yana iya neman a mayar masa da wani kaso in ya horar da ma'aikatansa bisa ƙa'ida, don haka yakan fi sauƙin yarda ya biya maka kwas ɗin ƙwarewa. In ya biya, ka karanta sharaɗin abin da za ka mayar in ka bar aiki da wuri.

4. Haɗa takardu, cike fom

Ana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO ko NABTEB, galibi ciki har da Turanci da Lissafi, a zaman da bai wuce biyu ba. Mai NCE ko ND mai kyau yakan fara daga aji biyu. Mai HND da yake son digiri na biyu yakan bi ta PGD tukuna, wato difilomar da ake yi kafin digiri na biyu. Ka tanadi takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, da lambar NIN, da hoton fasfo, da duk takardunka na asali.

Kafin ka taɓa fom, ka shimfiɗa takardun a tabarma ka duba suna. Muhammad a nan, Mohammed a can, Muhammadu a NIN. Wani wuri sunan uba ne a gaba, wani wuri sunan gari. Matar da ta koma amfani da sunan miji bayan ta gama sakandare ita ma haka. A gyara yanzu da takardar rantsuwa ta kotu, domin sunan da ka shigar a fom shi za a buga a satifiket, kuma in ya saɓa da na fayil ɗinka na ofis sai an yi ta kai da kawo.

Fom a shafin makarantar ake cike shi, kuɗi kuma ta Remita: shafin zai fitar maka da lambar RRR, ka biya a banki ko ta waya. Kada ka tura kuɗi asusun wani mutum ko da ya ce a cibiyar yake aiki. In a kafe aka cike maka, ka zauna kusa kana kallo, a sa lambar wayarka da imel ɗinka, ba na mai shago ba, sannan ka canja kalmar sirri da ka koma gida. Bayan gurbi ya fito sai ka kai takardun asali cibiyar da ka zaɓa a tantance su.

Zaɓi cibiyar da ta fi kusa da inda kake aiki, ba garinku ba. Jarrabawa tana faɗowa ranakun aiki.

5. Lissafin kuɗi

Farashi yana canjawa, saboda haka jadawalin da ke shafin makaranta a zangon da kake ciki shi ne abin dogaro, ba abin da abokin aiki ya biya shekara uku baya ba. Abin da bai canja ba shi ne gidajen da kuɗin yake shiga. A NOUN akwai kuɗin dole na zango, wanda ya fi nauyi a zangon farko. Akwai kuɗin rajistar kowane kwas. Akwai kuɗin jarrabawar kowane kwas daban. A ajin ƙarshe kuma kuɗin furojek da na kammalawa. In ka ɗauki kwas takwas, kuɗin kwas sau takwas ne, na jarrabawa ma sau takwas.

Sai waɗanda ba a rubuta a jadawali ba: data, buga takardu, kuɗin mota na mako biyu ko uku na jarrabawa, masauki in cibiyar tana nesa, da bugawa da ɗaure furojek. Ka haɗa duka, ka ƙara kashi ɗaya bisa biyar, ka raba gida shida. Abin da ya fito shi za ka riƙa cirewa a albashi duk wata, ranar da ya shigo. Adashin ofis yana da amfani a nan in ka roƙi a sa kwasarka ta zo daidai da buɗe rajista. Bashin banki mai cirewa daga albashi domin karatun shekara huɗu ba dabara ba ce: zango na biyu zai zo kana kan biyan na farko.

6. Rajista hawa uku ce

Kuɗin da ka biya ta Remita yana shiga jakarka ta shafin ɗalibi ne, bai zama rajista ba. Daga jakar za ka yi rajistar zango, sannan rajistar kwasa-kwasai, sannan rajistar jarrabawa. Ka buga takardar kowacce ka kai cibiya a sa hannu.

Gargaɗi: hawa na ukun ne ake mantawa. Mutum ya yi karatu wata huɗu, ya yi TMA, wato aikin gida mai maki, ranar jarrabawa a ce sunansa babu.

A kan yawan kwas, kada kwaɗayin gamawa da wuri ya ja ka. Wanda ya fara daga aji ɗaya yana buƙatar aƙalla yunit 120 (yunit shi ne ma'aunin nauyin kowane kwas) kafin ya gama, wanda ya fara daga aji biyu 90. An yarda a ɗauki har yunit 24 a zango, amma mai tashi aiki ƙarfe huɗu ko biyar 15 zuwa 18 ya ishe shi, musamman a zangon farko. Digirin shekara huɗu an ba shi damar kaiwa har shekara takwas, saboda haka akwai fili. Ka fara sa kwasa-kwasan dole, da na GST, wato na gama-gari, da duk wanda ka faɗi a baya, kafin na zaɓi. Ka karɓi jerin kwasa-kwasan sashenka na kowane aji ka riƙa yi musu alama. Akwai waɗanda sai sun zo karɓar sakamakon ƙarshe suke gano sun tsallake kwas ɗaya na dole tun aji biyu.

7. Kayan aiki da lokaci

Waya mai kyau tana isa ga karatu da TMA, amma furojek sai da kwamfuta, ko ta aro ce. Littattafan kwas suna shafin NOUN kyauta; ka sauke su duka a makon farko. Littafi mai lissafi da yawa ka buga shi a takarda, sauran waya ta wadatar. Darasin bidiyo kai tsaye yana cin daga rabin gig zuwa gig ɗaya a awa. Rufe kyamararka yana rage shi. Layi biyu na kamfani daban-daban da fawa-banki ba ado ba ne.

Lokaci kuwa, awa goma sha biyu zuwa sha biyar a mako: awa ɗaya da rabi bayan sallar Asuba kafin gida ya tashi, sauran ranar Asabar da Lahadi. Karatun bayan Isha ga wanda ya yini a ofis gyangyaɗi ne da littafi a hannu. Ka raba babukan kowane littafi da yawan makonnin da suka rage, ka rubuta a takarda ka manna a bango. Ma'aikaciyar da girki da yara ke jiranta ta zauna da maigida tun farko a tsara ranakun, ba sai jarrabawa ta ƙarato ba. A watan azumi a rage buri.

8. TMA

Wannan aikin gida ne da ake yi a shafin ɗalibi, guda uku a kowane kwas, maki 30 gaba ɗaya. Jarrabawa tana da 70. Littafi a buɗe ake yin sa, amsoshin suna ciki, shi ya sa asarar makinsa ta fi kowacce ciwo. Wanda ya tara 25 a nan, 35 kacal yake nema a jarrabawa ya samu B, wato maki 60. Wanda ya tara 10 sai ya ci 50.

Ka gama da mako guda kafin ranar rufewa, domin a kwanakin ƙarshe shafin yakan yi nauyi ya ƙi buɗewa. Masu karɓar kuɗi su yi wa mutum TMA suna nan birjik a bakin kowace cibiya. Ban da cewa maguɗi ne, tambayoyin TMA su ne suke nuna maka inda jarrabawa za ta fito. Wanda aka yi wa ya rasa wannan amfani, ga kuma asarar kuɗinsa.

9. Jarrabawa

A aji ɗaya da biyu galibi a kwamfuta ake yi, daga aji uku zuwa sama da biro da takarda. Wanda bai saba da linzamin kwamfuta ba ya je kafe ya yi awa biyu yana gwadawa. Wanda ya kai aji uku kuma ya sani salon ya canja, yanzu bayani ake so a rubuce. Ya nemo tsofaffin tambayoyi ya riƙa amsawa da agogo a gaba.

Da jadawali ya fito, ka rubuta wa shugabanka ranakun, ka haɗa da kwafin izininka. In hutun shekara bai fita ba, ka daidaita shi da wannan lokaci. Masu aikin kwana, irin ma'aikatan asibiti da na tsaro, su yi musayar duti tun da wuri. Ka sake duba jadawalin ana gobe, ana iya sauya shi. In kwas biyu sun haɗu a lokaci ɗaya, ka kai ƙorafi cibiya nan take. Katin ɗalibi da takardar rajistar jarrabawa mai hatimi su kwana a aljihu.

Duk zango ka buga sakamakonka ka adana. In wani bai fito ba, ka bi shi a zangon, da shaidar ka zauna jarrabawar. Ka kuma riƙa duba matsakaicin makinka: 3.50 zuwa 4.49 shi ne daraja ta biyu babba, 2.40 zuwa 3.49 ƙarama. Wanda ya faɗo ƙasa da 2.40 zai sha wuya wajen samun gurbin digiri na biyu kai tsaye.

10. Furojek da aikin gwaji

Ka zaɓi batun da bayanansa suke inda kake aiki, amma ka nemi izinin ofis kafin ka yi amfani da kowace takarda tasu. Abin da ke fayil ɗin sirri ba na furojek ba ne. Ka riƙa kai wa malamin da ke duba ka babi-babi. Masu karatun koyarwa suna da gwajin koyarwa, wasu kwasa-kwasan kuma SIWES, wato horon sanin makamar aiki. Ka tambayi cibiya tun zango ɗaya kafin lokacin ko za a yarda ka yi a wurin aikinka.

11. Shigar da takarda a fayil

Da sakamakon ƙarshe ya fito, ka yi kiliyarans, ka karɓi takardar shaidar kammalawa. Ka je teburin NYSC na cibiyarku a duba matsayinka, da ko sunanka yana buƙatar daidaitawa a JAMB. Masu karatu irin wannan galibi takardar keɓewa daga hidimar ƙasa ake ba su, kuma ofis zai neme ta tare da digirin.

Sannan ka rubuta takarda ta hanyar da ta farko ta bi, ka manna kwafin izini, da satifiket, da takardar NYSC, da takardar ƙarin girmanka ta ƙarshe. Ka faɗi abin da kake nema a fili: ɗaga mataki ne a layin da kake, ko sauya layi. Ofis zai rubuta wa makarantar ta tabbatar da takardar, kuma wannan yakan ɗauki watanni.

Gargaɗi: sauya layi ba kullum yake zuwa da ƙarin albashi nan take ba. Ana iya barin ka a matakin da kake, ko a dawo da kai baya, kuma lissafin shekarun ƙarin girma yana iya farawa sabo. A tsarin tarayya shekara uku ake jira tsakanin ƙarin girma daga mataki na 07 zuwa 14. Don haka in saura maka 'yan watanni ka shiga jarrabawar ƙarin girma, ka zauna da jami'in ma'aikata a lissafa wanne ya kamata ya riga wani. Ka rubuta lambar da aka ba takardarka a rajistar ofis da sunan teburin da take, ka riƙa leƙawa duk mako biyu har ta shiga jerin da za a kai wa hukumar kula da ma'aikata a zamanta na gaba.